Sunan miji a takarda ba shaidar aure ba ne: Darasi daga kotunan Ingila

A shekarar 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a wata shari'a da har yau ake koyar da ita ga ɗaliban aikin lauya a ƙasar, wato shari'ar Burns da Burns. Duk wanda ya ga sunan shari'ar zai ɗauka miji da mata ne suka je rabuwa, tunda mai ƙara da wanda ake ƙara suna ɗaya suke amsawa. Sai dai ba a taɓa ɗaura musu aure ba. Matar ta zauna da mutumin shekara 19, ta haifa masa 'ya'ya biyu, ta kuma ajiye sunan gidansu ta ɗauki nasa.

Gidan da suke ciki an saye shi ne da sunan mutumin shi kaɗai. Ita kuwa ta yi renon yara, ta riƙe gida, da ta fara samun abin hannunta ta sayi kayan ɗaki, ta riƙa biyan wasu kuɗaɗen hidimar yau da kullum. Da zaman ya ƙare ta nemi kasonta a gidan, kotu ta ce ba ta da komai a ciki. Hujjar alƙalan ita ce ba ta zuba kuɗi wajen sayen gidan ba, kuma ikon da doka ta bai wa alƙali na raba dukiya bayan rabuwa ya tsaya ne a kan ma'aurata kawai. Sun ce idan ana ganin an ƙware ta, gyaran dokar aikin majalisa ne.

Fiye da shekara 40 ke nan majalisar ba ta yi wannan gyara ba. Jam'iyyar Labour ta yi alƙawari a manufofinta na zaɓen 2024 cewa za ta ƙarfafa haƙƙin matan da ke zaune da maza ba tare da aure na hukuma ba, abin da ya sake tayar da muhawara a Birtaniya. Muhawarar ta shafi 'yan Najeriya kai tsaye. A shekarar 2022 kaɗai, iyalan ɗaliban Najeriya fiye da 60,000 ne Birtaniya ta bai wa izinin shiga ƙasar, ban da ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi. Da yawan waɗannan matasa, ciki har da 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga Arewa, a can za su yi aure, a can za su sayi gida, a can kuma za a yi musu shari'a idan zama ya ƙi daɗi.

Imanin da doka ba ta san da shi ba

A Ingila akwai wani imani da ya daɗe a zukatan jama'a, cewa idan namiji da mace suka daɗe tare a gida ɗaya, musamman idan sun haihu, doka za ta ɗauke su a matsayin ma'aurata. Wannan shi ne abin da ake kira auren zaman tare. Wani babban binciken ra'ayin jama'a da aka fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun yarda akwai irin wannan aure a dokarsu. Alhali babu shi. Tun dokar aure ta 1753 aka tsaurara sharuɗɗan ɗaurin aure a Ingila, kuma dokar 1949 da ake aiki da ita yanzu ta fayyace inda za a ɗaura aure, da sanarwar da za a bayar kafin ranar, da wanda dole ya halarta don ya rubuta. Zaman shekara 2 da na shekara 40 duk ɗaya ne a wajen wannan doka.

Yawan mutanen da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 1996 akwai gidaje kusan miliyan 1.5 a Birtaniya da namiji da mace ke zaune tare babu aure na hukuma, zuwa 2021 sun kai kimanin miliyan 3.6. Wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya yi nazarin lamarin a 2022, ya kuma yi gargaɗin cewa mata ne suka fi cutuwa, domin su ne suka fi barin aiki don renon yara, su ne kuma sunansu ya fi rashin fitowa a takardar gida.

Abin da mai zaman tare ke rasawa yana da yawa. Idan aka rabu, ba ta da haƙƙin ciyarwa na kanta, sai dai abin da ya shafi 'ya'ya. Ba ta da kaso a kuɗin fanshonsa. Idan ya rasu bai bar wasiyya ba, ba ta cikin jerin masu gado, dukiyar za ta tafi ga 'ya'ya ko iyaye ko 'yan uwansa. Hanyar da ta rage mata ita ce ta shigar da ƙara a ƙarƙashin wata doka ta 1975, wadda ta ba wanda ya zauna da mamaci aƙalla shekara biyu kafin rasuwarsa damar roƙon abin da zai riƙe kansa. Ko da ya bar mata wasiyya, harajin gado na kashi 40 cikin 100 zai iya hawa kan abin da ya haura fam 325,000, harajin da aka yafe wa matar aure.

Sauƙin sauya suna shi ne tarkon

A dokar Ingila sauya suna abu ne mai matuƙar sauƙi. Mutum yana da 'yancin amsa duk sunan da ya ga dama matuƙar ba don damfara ba ne. Wanda ya kai shekara 16 zai iya rubuta takardar shelar sauya suna, ya sa hannu a gaban shaidu, ya kai wa banki da ofishin fasfo da wurin aikinsa. Wanda ya kai 18 kuma yana so a ajiye shelar a kundin hukuma, zai iya yi mata rajista a babbar kotu da ke Landan, a buga a jaridar gwamnati. Ba wanda zai tambaye shi dangantakarsa da mai sunan da ya ɗauka.

Matar da aka yi aurenta a hukumance ba ta ma bukatar wannan shela, takardar aurenta ta wadatar. Wadda ke zaman tare kuwa ba ta da takardar aure, don haka sai ta bi ta hanyar shela. Sakamakon a ido iri ɗaya ne. Katin bankinta da lasisin tuƙinta da wasiƙun makarantar yara duk za su zo da sunan mutumin. Daga nan sai hankali ya kwanta, ta ga kamar hukuma ta amince da zaman, alhali hukuma sunan kawai ta amince da shi. Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma ba a gane hakan sai ranar rabuwa ko ranar rasuwa, lokacin da gyara ya riga ya wuce.

Ita kanta al'adar mace ta ɗauki sunan miji ta samo asali ne daga tsohuwar dokar Ingila da ke ɗaukar miji da mata a matsayin mutum ɗaya, kuma mijin ne mutumin. A ƙarƙashin wancan tsari abin da mace ta mallaka yakan koma hannun miji da zarar an ɗaura aure, har sai da dokar 1882 ta ba matan aure cikakken ikon mallakar dukiyarsu. Wato a da aure ne ke jawo sunan. Sunan bai taɓa jawo aure ba.

Aiki ɗaya, hukunci daban-daban

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne kowace ƙasa da yadda take kallon wannan mataki. A Amurka akwai jihohi 'yan kaɗan da har yanzu suka yarda da auren zaman tare, irin su Texas da Colorado da Iowa da Kansas da Montana. A Texas sharuɗɗa uku ne: mutum biyun su yarda a tsakaninsu cewa su ma'aurata ne, su zauna tare a jihar a matsayin haka, su kuma bayyana wa jama'a cewa su miji da mata ne. Ba a ƙayyade yawan shekaru ba. A irin waɗannan jihohi amsa suna ɗaya yana cikin abubuwan da alƙali zai iya dubawa a matsayin alamar bayyana wa jama'a. Saboda haka matakin da bai tsinana wa mace komai ba a Landan, a birnin Houston zai iya zama ɗaya daga cikin hujjojin da za su tabbatar da aure. Idan kuma ya tabbata, ba ya warwarewa sai ta hanyar saki a kotu, tare da rabon dukiya kamar kowane aure. Duk da haka tsarin yana ja da baya a Amurka: Pennsylvania ta daina amincewa da sabbin aure irin wannan daga 2005, Alabama daga 2017, South Carolina kuma a 2019. Scotland ma ta soke makamancinsa a 2006, ta maye gurbinsa da wasu taƙaitattun haƙƙoƙi ga masu zaman tare.

A Kanada lamarin ya bambanta daga lardi zuwa lardi. Ontario ta ba masu zaman tare damar gabatar da sanarwar haɗin gwiwa don ɗayansu ya ɗauki sunan ɗayan. Amma dokar lardin ba ta ba su rabon dukiya irin na ma'aurata ba, ba ta kuma sa su cikin masu gado idan babu wasiyya. British Columbia kuwa tun 2013 take bai wa waɗanda suka shekara biyu tare haƙƙin rabon dukiya, ko sun haɗa suna ko ba su haɗa ba. A Quebec, tun 1981 doka ta ce kowane ɗaya daga cikin ma'aurata ya riƙe sunansa, ko da aure ne cikakke mai takarda.

Japan ta ɗauki kishiyar hanya. Dokarta ta wajabta wa ma'aurata amsa sunan iyali ɗaya, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da wannan doka a 2015 da 2021. Kusan kashi 95 cikin 100 na lokuta mace ce ke barin sunanta. Wannan ya sa wasu ma'aurata, musamman matan da suka yi suna a sana'arsu, suke ƙin yin rajistar aure don kowa ya tsira da sunansa, duk da sun san hakan zai hana su gadon juna a hukumance.

Idan aka jera waɗannan ƙasashe za a ga cewa babu inda suna shi kaɗai yake ƙulla aure. Iyakar matsayinsa, a inda yake da matsayi, shi ne ya zama shaida ɗaya cikin shaidu.

Auren da ya inganta a addini, kotu ta ce ba ta gan shi ba

Bahaushe zai iya cewa wannan matsalar masu zaman dadiro ce, ba ta shafi wanda aka ɗaura masa aure da waliyyi da sadaki da shaidu ba. A addini da al'ada tabbas bambancin a bayyane yake. Amma kotunan Ingila ba da wannan ma'auni suke awo ba, kuma shari'ar Akhter da Khan ta tabbatar da haka.

An ɗaura auren mutanen biyu bisa tsarin Musulunci a 1998 a wani gidan abinci da ke unguwar Southall a Landan, a gaban limami da jama'a. Sun zauna kusan shekara 18, suka haifi 'ya'ya huɗu. Matar ta shaida wa kotu cewa sun yi niyyar zuwa ofishin rajista daga baya, amma hakan bai yiwu ba. Da suka rabu a 2016 ta nemi haƙƙinta. A 2018 Babbar Kotu ta ce aure ne da bai cika ƙa'ida ba amma doka ta san da shi, matsayin da zai ba ta damar neman rabon dukiya. A watan Fabrairu na 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci, ta ce bikin da aka yi bai shiga cikin abin da dokar aure ta sani ba kwata-kwata. Ma'ana, a idon doka matsayin irin wannan mata ɗaya ne da na matar shari'ar Burns.

Ba su kaɗai ne a wannan hali ba. Wani bincike da tashar talabijin ta Channel 4 ta gabatar a 2017 ya gano cewa kimanin shida cikin goma na matan Musulmi da aka tambaya, auren addini kawai suke da shi. A 2018 wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Mona Siddiqui ya ba da shawarar a wajabta yin rajistar hukuma kafin ɗaurin auren addini ko tare da shi. Hukumar da ke bitar dokokin ƙasar ita ma ta ba da shawara a 2022 cewa a sake fasalin dokar ɗaurin aure, ta yadda za a dogara da mai ɗaurawa da aka amince da shi maimakon ginin da aka ɗaura a cikinsa.

Akwai wani bambanci da iyaye a Najeriya ya kamata su fahimta. Ƙa'idar da kotunan Ingila ke bi ita ce, auren da ya inganta bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi, a mafi yawan lokuta su ma za su amince da shi. Auren Musulunci ingantacce ne a dokar Najeriya. Don haka auren da aka ɗaura a masallaci a Kano ko Sakkwato yana da ƙafar tsayawa a Landan, muddin akwai hujjar da za ta tabbatar da shi. Auren da aka ɗaura da lafazi iri ɗaya da sadaki iri ɗaya a wani falo a Birmingham ko Manchester ba shi da wannan ƙafar, sai an bi matakan dokar ƙasar. Wasu masallatan Ingila suna da rajistar ɗaura aure a hukumance, wasu ba su da ita, kuma takardar da masallaci mara rajista ya bayar ba ta da ƙarfi a kotu.

Dalilan ƙin yin rajista sun bambanta. Wasu rashin sani ne, wasu jinkiri ne da hidimar rayuwa ta jawo. Wasu mazan kuma da gangan suke kaucewa, ko don gudun rabon dukiya idan an rabu, ko don auren hukuma a Ingila na mace ɗaya ne, kuma ƙara wani auren hukuma a kansa laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari. Waliyyin da zai ba da 'yarsa a can yana da haƙƙin ya tambayi wanne ne dalilin, tun kafin a sa rana.

Yadda abin yake a Najeriya

Dokar Najeriya ta amince da aure iri uku: na rajista a ƙarƙashin Dokar Aure, da na al'ada, da na Musulunci. Zaman tare, komai daɗewarsa, ba ya cikinsu. Abin da ya fi kusa da shi shi ne sashe na 166 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya ce idan aka yi jayayya kan ko akwai auren Musulunci ko na al'ada tsakanin mutum biyu, aka kuma gamsar da kotu cewa sun zauna a matsayin miji da mata, kotu za ta ɗauka akwai aure har sai an kawo hujjar da ta rushe hakan. Wannan zato ne da ke sauƙaƙa wa wadda aka ɗaura mata aure amma ba ta da takarda. Ba ya ƙirƙirar aure a inda ba a ɗaura ba.

Game da suna kuwa, al'adar ƙasar Hausa ba ta san mace ta koma amsa sunan miji ba. Nana Asma'u ta shahara ne a matsayin 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, duk da cewa mijinta Giɗaɗo ɗan Laima wazirin Sakkwato ne. Tushen wannan yana cikin addini, inda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni da a danganta mutum ga mahaifinsa, kuma tarihi ya riƙe matan Annabi (SAW) da sunayen iyayensu. Hatta tsayayyen suna na biyu da ake rubutawa a takarda ya yaɗu ne da zuwan makarantun boko da aikin gwamnati, inda wasu suka sa sunan mahaifi, wasu suka sa na garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Ɗaukar sunan miji ya shigo daga baya, ya fi kuma yawa a tsakanin 'yan boko da ma'aikata. Malamai sun yi saɓani a kansa: wasu sun hana saboda kare nasaba, wasu na ganin idan don shaida ne kawai, ba don musun uba ba, babu laifi.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne tsadar kuskure. A da mace za ta iya amsa suna ɗaya a takardar makaranta, wani a wurin aiki, wani a banki, ba wanda ya damu. Tun da aka ƙaddamar da lambar BVN a 2014, aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, Babban Bankin Najeriya kuma ya ba da umarni a watan Disamba na 2023 cewa a haɗa asusun banki da waɗannan lambobi, kwamfuta ce ke gwada sunaye, ita kuwa ba ta jin bayani. Fasfo da rajistar jarrabawar JAMB yanzu duk sun dogara da NIN. Ma'aikaciyar da takardar ɗaukarta aiki ke da sunan mahaifinta, asusun albashinta kuma ke da na mijinta, za ta iya shan zirga-zirga ranar da ta zo karɓar haƙƙin ritaya. Haka 'yar kasuwar da takardar rumfarta ko ta filinta ba ta dace da sunan da ke katinta ba. Idan aure ya mutu, sai ta sake bin layin kotu da jarida da banki da ofishin NIMC don komawa sunanta na asali. A gidan da ke da mata biyu masu suna ɗaya kuwa, ɗaukar sunan miji yana iya sa takardunsu su zama ba a bambance su.

Hanyar da aka saba bi ita ce takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida. Shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa ta nuna cewa wannan ba koyaushe yake wadatarwa ba. A ranar 13 ga Fabrairu, 2020, kwana ɗaya kafin rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon saboda sunayen mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, sun saɓa wa juna a takardun da ya miƙa wa hukumar zaɓe, kuma bayanan da ya gabatar don daidaita su ba su gamsar da kotu ba. Idan saɓanin suna ya iya kayar da kujerar gwamna, ba abin mamaki ba ne ya riƙe kuɗin fanshon ƙaramar ma'aikaciya.

Ga wadda ke zaune a waje wahalar ninki biyu ce. Hukumomin Birtaniya suna bin tsarin suna ɗaya a dukkan takardun hukuma, don haka mai ɗauke da fasfon ƙasa biyu ana bukatar ta daidaita sunan da ke fasfonta na Najeriya kafin a ba ta na Birtaniya da sabon suna. Za ta kashe kuɗi da lokaci a ƙasa biyu, a ƙarshe kuma abin da ta samu bai ƙara mata ko taku ɗaya a matsayin matar aure ba.

Gyaran doka da iyakarsa

Masu neman gyara a Ingila suna cewa bai dace mace ta ba da ƙuruciyarta ga gida ta fita hannu rabbana ba, don kawai ba a sa hannu a wata takarda ba. Suna kafa hujja da Scotland da British Columbia. An ma fara ɗan sassauci: bayan wani hukuncin Kotun Ƙoli a 2018, gwamnati ta faɗaɗa tallafin da ake ba wanda abokin zamansa ya rasu, ya haɗa da masu zaman tare da ke da yara, daga 2023.

Masu adawa su ma suna da tasu hujjar. Wasu na ganin bai wa zaman tare haƙƙoƙin aure zai rage wa auren daraja. Wasu kuma na cewa akwai manya masu hankali da suka zaɓi ƙin yin aure da saninsu, misali zawarawan da ke son dukiyarsu ta tafi ga 'ya'yansu na fari, kuma bai kamata doka ta ɗora musu abin da suka guje wa ba. Wannan ja-in-ja na cikin abin da ya sa shawarar da hukumar bitar dokoki ta bayar kan masu zaman tare tun 2007 take ajiye har yau. Ko a shawarar ta 2007 ma, abin da aka tsara bai kai haƙƙin matar aure ba. Wanda ya jingina makomar 'yarsa da jiran wannan gyara, ya jingina ta da abin da ba shi da rana.

Abin da ke hannun iyalai ya fi wannan sauƙi. Idan a Najeriya aka ɗaura aure, a karɓi takardar shaida daga kotun shari'a ko hukumar da ke bayarwa tun shaidu suna raye, a tabbatar sunayen da ke cikinta sun dace da na fasfo harafi da harafi. Idan a Ingila za a ɗaura, a tambayi masallacin ko yana da rajistar hukuma, idan babu a je ofishin rajista kafin biki ko a ranarsa. Gidan da aka haɗa kuɗi aka saya, sunan mutum biyun ya fito a takardarsa. A rubuta wasiyya, domin dokar Ingila ta ba mutum damar tsara rabon dukiyarsa, har da bin tsarin gadon Musulunci idan ya so, amma idan bai rubuta ba tsarin ƙasar ne zai yi aiki. Ma'aikacin gwamnati a gida kuma ya san cewa rubuta sunan mace a gurbin makusanci a fom ɗin ofis ba ya mayar da ita magajiya, ba ya kuma zama shaidar aure.

Bayan an kammala waɗannan, batun suna ya rage zaɓin mace ne da mijinta, gwargwadon fahimtarsu ta addini da yanayin aikinta. Wadda ta riƙe sunan mahaifinta ba ta rasa komai daga haƙƙinta na aure ba, a Kano ko a Landan. Wadda ta ɗauki na mijinta kuma ba ta ƙara komai a kai ba. Matar shari'ar Burns ta amsa sunan mutumin shekara da shekaru, kuma da sunan nasa aka rubuta hukuncin da ya ce ba ta da kaso a gidansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, takardar aure kuwa tun ranar ɗaurin aure ya kamata a neme ta.